Ranar da Sufeto Ya Kashe Bakin Zinatu

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da sufeto ya shigo mini aji ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina koyar da Hausa a aji ɗaya na ƙaramar sakandaren 'yan mata, nan kusa da Ƙofar Ɗan Agundi.

Ku da kuka fara aikin nan kwanan nan kun san yadda manhaja ta tsara darasin waƙa: ma'anar waƙa, ma'anar baiti, ma'anar amsa-amo. Yara su kwafa, su haddace, su manta. Da na ce "yau waƙa za mu yi" sai hamma ta cika ajin.

A zango na biyu sai na sauya dabara. Na ƙago musu labarin wata yarinya Ladidi da ragonta ya ɓata, na tsara shi a waƙe, babi ɗaya duk mako. Na fara da:

Ragon Ladidi ya tsinke igiya,
Ta bi shi lungu-lungu har Dukawuya.

Kafin mako uku sun ƙwace labarin daga hannuna. Kowacce sai ta zo da baitinta, a karanta, a yi gardama, a zaɓi wanda zai shiga. Cikinsu akwai Zinatu, yarinya mai in'ina, wadda tun farkon shekara ban ji muryarta ba sai wajen kiran suna. Amma in tana rera baiti, harshenta ba ya sarƙewa ko kaɗan.

Ranar nan baitinta aka zaɓa. Ta rubuta shi a allo da hannunta, ta juyo tana rerawa:

Ta zauna gindin ganuwa don gajiya,
Ta ce, "In ka dawo, rago, na yafe, mu shirya."

Ana cikin tafi sai ga shugabar makaranta da sufeto daga ofishin ilimi. Aikinsa ya duba littafin shirin darasi, wanda shugaba ke sa wa hannu duk Litinin, ya ga ko abin da aka rubuta shi ake koyarwa. Ya buɗe nawa, ya dubi allo.

"Malama, nan kin rubuta amsa-amo. Wannan ragon fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, amsa-amon ke nan a aikace."

Bai ko kalle ni ba. Ya nuna Zinatu. "Ke, mene ne amsa-amo?"

Ta buɗe baki. "A-a-am..." Kalmar ta maƙale. Ga amsar a allo bayanta, gajiya da shirya, ita ta haɗa su da kanta. Ya jira kamar daƙiƙa biyar, sannan ya ce, "Kin gani? Ko magana ba ta iya ba. Kin mayar da aji gidan biki." Ya ɗauki tsumma ya goge allon.

Zinatu ta dube ni. Ni kuwa me na ce? Na ce, "To, ranka ya daɗe."

A ofis ne bakina ya buɗe. Na ce wa shugaba, "Hajiya, yarinyar nan in'ina gare ta, kin sani!" Ta ce, "Malama, yi haƙuri, rahotonsa muke tsoro." Washegari aka ba ni takardar tuhuma kan kauce wa manhaja. Na amsa ta shafi biyu, ba wanda ya sake tada maganar.

Labarin bai tsaya ba, mun ƙarasa shi a lokacin hutun tara. Amma Zinatu ta koma bencin baya. Na roƙe ta, na je har gidansu na ga mahaifiyarta. Ba ta ƙara kawo baiti ko ɗaya ba.

Sufeton nan na daɗe ina jin haushinsa, mutumin da ya iya karanta takarda bai iya kallon yaro ba. Irinsa ba za su ƙare a aikin nan ba. Amma haushin da ya fi ci mini rai na kaina ne. Duk abin da na faɗa a ofis gaskiya ne, sai dai Zinatu ba ta wurin. In aka wulaƙanta ɗalibarku a gabanku, ku yi magana a nan take, tana ji. Bakinku take kallo.