Hannun Hajjo Mai Koko

Ku gyara zama, jama'a, mai tabarma ya matsa wa wanda bai kawo ba. Matar da zan ba ku labarinta ba ta tatsuniya ba ce. Ta taka ƙasar nan, ta sha ruwan rijiyoyin nan, kuma a cikinku akwai waɗanda iyayensu suka tashi da kokonta a ciki.

Hajjo sunanta, a Boɗinga take. Ba ta yi boko ba, karatunta iya na salla ne. Sana'arta koko, kuma gadonta ne. Akwai wata 'yar tukunya baƙa da uwarta ta bar mata, ta ruwan tsami, wadda ba a taɓa ƙarar da ita ƙaƙaf. Kullum in za ta dama sai ta ɗiba, ta kuma mayar da sabon ruwan gasara a kan ragowar. Ita ce sirrin kokon Hajjo, tsami mai daɗi wanda ba ya sa mutum yamutsa fuska. Da yake mijinta ya rasu, kuma shekaru sun ja, babu gidan da ba ta shiga. Gari na wayewa za ka ji sallamarta a zaure, da ƙatuwar ƙwarya a ka, da ludayi a hannu.

Mai fara'a ce, amma akwai abin da ba a taɓo mata. Ta haihu da yawa, Atika kaɗai ta tsaya. Sauran duk lokaci guda suka tafi, lokacin yaye. A cire yaro a nono yana ɓul-ɓul, a kai shi wurin kakarsa a Dandin Mahe kamar yadda aka saba, kafin wata ya zagayo zawo ya kama shi, ido ya faɗa, sai a aiko mata ta zo ta yi haƙuri. Ta yi haƙurin. Amma duk ranar da ta ga an goyo yaro za a kai yaye, takan bi shi da kallo har a sha kwana.

A farkon mulkin farar hula, lokacin da ake ganin kamar arzikin mai ba zai ƙare ba, wani ɗan Dingyaɗi mai suna Mijinyawa ya dawo daga karatu a ƙasar waje. Likita ake ce masa, amma ba mai allura ba ne, mai bincike ne. Karatunsa a kan wasu ƙananan halittu ne da ke zaune a hanjin mutum, waɗanda ido ba ya gani. Ya ce ba dukansu ne cuta ba, wasu ma su ke koya wa jiki yadda zai kare kansa. Abin da yake son ganewa shi ne me ke faruwa da su a cikin yaro ranar da aka raba shi da nono. Hanyar ganewa kuwa ɗaya ce: a samo masa bayan gidan yara a 'yan kwalabe, kafin yaye da bayan yaye.

Hakimi ya yarda, masu gida suka yarda. Amma yaran suna cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga, kuma mata suka ce atafau. Wace uwa ce za ta miƙa kashin ɗanta ga wanda ba ta san abin da zai haɗa da shi ba? Kwalabe suka yi ta zama a kwali.

Hajjo takan biya ta ɗan asibitin sha-ka-tafi inda aka ba shi ɗaki, don masu jiran magani suna sayen koko. Wata safiya ya roƙi ɗigon ruwan tsaminta, ya sa a madubin aikinsa mai ƙara girman abu, ya ce ta leƙa. Ta leƙa, ta ja da baya.

"La ilaha illallahu! Mi ne na waɗanga 'yan sanduna?"

"Su ka sa kokonki tsami, Inna. 'Yan uwansu suna cikina, suna cikinki."

"To kai, ka rufa min asiri. Ka ce shekara da shekaru tsutsotsi nike sayar ma mutane?"

Ya yi dariya, sannan ya gaya mata abin da ya kawo shi garin da inda ya maƙale. Fara'arta ta ɗauke. Ta ajiye ludayin.

"Likita, in ka gano abin da ka ɗauke su, za a bar kai ɗiya kushewa?"

"Ban yi miki alkawari ba, Inna. Amma in ba a duba ba, ba za a taɓa sani ba."

Ta ce ya ba ta kwalaben.

Tani, taubashiyarta da suke katanga ɗaya, ita ta fara gaya mata gaskiya. "Ke Hajjo, haukan tsuhwa ya kama ki? Mai abinci da wanga aiki?"

"Hagu ka ɗaukar kwalba, dama ka ɗaukar ludayi. Kuma sai na gama koko nike farawa."

"To mai saye shina tsayawa tambayar wane hannu?"

Hajjo ta ware zane daban na aikin kwalba, ta tanadi sabulu da toka. In uwa ta yi ɗari-ɗari sai ta ce, "Kin san gidana, kin san kushewar ɗiyana. In wani abu ya sami naki ta dalilin wanga, ki zo ki kama ni." Da haka ƙofofi suka buɗe. In an kai yaro yaye sai ta bi shi can gidan kakar, ko Shagari ne ko Dandin Mahe, ta hau motar kasuwa da akwatin ƙanƙara a cinya, ta dawo ta miƙa wa Likita ya sa a firij mai aiki da kananzir.

To amma ku ji yadda zuciyar mutane take. Matan da suka amince mata da 'ya'yansu, su ne suka kasa amince mata da cikinsu. Babu wadda ta zage ta. Sai dai ta yi sallama a ce, "Wayyo Inna, mun riga mun karya." Gobe a ce, "Yau mai gida kunu yake so." Ƙwaryar da ke ƙarewa kafin hantsi ta koma dawowa gida da nauyinta. A kasuwa sunanta ya tashi daga Hajjo mai koko ya koma Hajjo mai kwalba. Ta rage damu, ta sake ragewa, har ta koma dama na bakinta. 'Yar tukunyar nan kaɗai ba ta yarda ta bushe ba.

Aikin ya kai ƙarshe, Likita ya ce kwalabe sun isa, saura dubawa. Hajjo ta ƙone zanen aikin, ta zauna jiran mutane su manta. Sun kuwa fara mantawa. Gida ɗaya ya aiko da kwano, sannan wani, har ta sake surfa gero da ɗan yawa.

Sai zamani ya juya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka zama sai an bi layi, cutar bushiya ta shiga garken shanun Fulani, damina ta yi gardama, soja suka karɓi mulki. Waɗanda suka ɗauki nauyin binciken suka janye hannu. Likita ya tafi Sakkwato neman mafita, ya daɗe ana ce masa ya dawo gobe. A bayansa kananzir ya ɓace a garin, fitilar firij ta mutu, kuma babu wanda ya san abin da ke ciki yana da muhimmanci har haka.

Da Likita ya dawo, da hantsi ya zo gidan Hajjo, ya durƙusa a bakin zaure kamar mai ta'aziyya.

"Inna, kwalaben sun lalace. Kusan duka."

Ta ce, "Duk ƙauyukan da na taka?"

"Duka. Na sayar da motata, na tanadi kananzir da zai kai ni, ina son a sake tarawa daga farko. Amma ba ni da abin da zan ba ki, kuma na san abin da aikin ya ci miki. In kin ce a'a, wallahi ba ni da bakin magana."

Tani tana jinsu ta kan katanga. "Likita, ka ji tsoron Allah! Yanzu-yanzu mutane sunka fara dawowa. In ta koma, ta koma ke nan, ba mai sake shan kokonta har ta mutu."

"Gaskiya ta faɗi," in ji shi.

A tsakar gida kuwa Atika na zaune, ta zo wuni, tana ba ɗanta nono. Yaron ya fara tafiya, an ma fara maganar watan da za a kai shi wurin kakarsa. Hajjo ta dubi yaron, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da 'yar baƙar tukunyar a hannu biyu, ta miƙa ta saman katanga.

"Karɓi, Tani. Kullum ki ɗiba ki mayar. Kar ki wanke ta, kar ki bari ta bushe. Kuma kar ki ce tawa ce."

"Hajjo, tukunyar innarki ce fa."

"Shi ya sa ba ni son ta mutu a hannuna."

Kwalbar farko ta zagaye na biyu, ta jikanta ce.

Maganar Tani ba ta faɗi ƙasa ba. Hajjo ba ta sake sayar da koko ba. Da aikin ya ƙare ta koma tsintar albasa a fadamun Danchadi, tana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau. Takan ce albasa ta fi mutane sauƙin kai, tana da riga, ba ruwan mai saye da hannun da ya taɓa ta. Likita kuwa ya rubuta abin da ya gani, aka buga a wata mujallar masana, sannan wahala ta kore shi ƙasar waje kamar sauran irinsa.

Sai da furfura ta kama shi ya dawo gaishe ta. Ya ce a yaran da ya duba, waɗanda aka riƙa ba koko mai tsami sun fi riƙe halittun nan masu amfani, kuma sun fi saurin farfaɗowa. Ya ce masana ɗaruruwa sun ambaci aikin a nasu rubutun.

"Ambato kamar yaya?"

"Kin san yadda malaman zaure ke cewa wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane? Haka muke yi. Duk wanda ya ɗora bincikensa a kan nawa sai ya kira sunana. Yawan kiran shi ne darajar mutum a wurinmu."

"To ni ina nike cikin salsalar?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sa sunanki a wurin godiya, can ƙasa. Amma masu ambato ba su kaiwa nan."

"Ba komi. Sunan da Boɗinga ta ba ni ya ishe ni ɗauka." Ta gyara zama. "Abin da na tambaye ka tun farko fa, na kai ɗiya kushewa?"

"An rage, Inna. Ba aikina kaɗai ya rage ba, kuma ba a daina ba."

"An dai rage," ta ce, ta maimaita a hankali. Jikan nan nata yana can fadama yana ban ruwa, ƙato da shi. Ba ta ce kwalba ce ta tsare shi ba, ba ta kuma ce ba ita ba ce.

Ya ce yana marmarin kokonta. Ta aika gidan Tani aka karɓo. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya ce, "Shi ne."

"Kokon Tani ke nan," in ji ta. "Kowa ya san babu kamarsa a garin ga."

Ta rasu da damina, aka yi mata sutura ba hayaniya. Tukunyar tana nan a hannun jikokin Tani, ba ta bushe ba. Can a ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba ana kiran sunan Mijinyawa, nan gida ana yabon kokon Tani, kuma dukansu biyu ba su yi sata ba, ita ta miƙa musu da hannunta.

To ku da kuka zauna kuka ji, in da a gidanku ta yi sallama da ƙwaryarta a waccan shekara, bayan ta fita da kwalbar ɗanku jiya, za ku miƙa kwano, ko ku ma za ku ce kun riga kun karya?