Baba Maijere da Haruffan Raɗa

Shekara arba'in da ɗaya, ƙarfe bakwai ba ta taɓa yi wa Baba Maijere a gida ba. Yana isa maɗaba'a zai buɗe tagogi, ya ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu, ya jawo akwatin haruffan dalma. Ɗaya-ɗaya yake tsinto su yana jerawa a juye, har shafi ya cika.

Akwai akwatin da ba ya bari kowa ya taɓa: na sirara masu karkata, masu 'yan ƙafafu da jela kamar rubutun alƙalami. Yakan ce, "Waɗannan na raɗa ne. Sunan littafi, sadaukarwa, ko maganar da ta fi ƙarfin baki." Wani ɗan kasuwa ya taɓa nacewa a buga masa tallar gwanjo da su. Baba ya dube shi ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an ba mai raɗa shela?"

Ana cikin buga littafina na farko mahaifiyata ta rasu, ina kan hanya. Na kawo wa Baba layi ɗaya na sadaukarwa: "Ga Inna, daga ɗanki da bai iso da wuri ba." Ashe masu karkatar ba su da ɗ.

Manaja ya ce, "Sa d kawai, Baba. Wa zai lura?"

"Ɗan zai lura."

Kwana biyu ya yi da magagari da ƙarfe mai zafi, har ya ƙona babban yatsa, sai da ya dasa wa harafin ƙugiya. Bai taɓa gaya mini ba. A bakin mai ɗinkin littattafai na ji.

Baba, kai ne kake ɗaukar baƙin cikin mutane ka jera shi daidai, alhali ko a bayan bangon littafi babu sunanka.

A watan jiya aka rufe maɗaba'ar, aiki ya koma kwamfuta. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da sikeli, aka juye akwatunan a buhu, Baba na tsaye. Ba taro, ba jawabi. Ya share wurin, ya miƙa makulli, 'yarsa ta kama hannunsa suka fita, domin yanar ido ta riga ta rufe masa gani.

Shekaranjiya na kai masa sabon littafina. Ya daɗe yana shafa shafin da yatsa.

"Sumul," ya ce. "Namu yakan lotsa takarda. Wannan ba na jin komai, ɗana. Karanta mini."

Na karanta masa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu aikin da ba a gani, ku yi shi kamar wani zai lura. Wanda kuma Baba ya taɓa jera wa kalma, ya je ya karanta masa ko da shafi ɗaya ne, tun yana ji.