Ina Ɗan Taɓawa

Shekarar da wani bature ɗan Sifaniya ya zo Zariya, ni da abokina muna koyarwa a firamare ɗaya a Tudun Wada. Marubucin fim ne, ya yi furfura yana tsara wa 'yan wasa abin da za su faɗa. Ya zo neman mutum ɗaya da zai rubuta masa maganganun Hausa a fim ɗin da yake shiryawa, kuma za a sa sunan mutumin a allon fim ɗin.

Kowa a unguwa ya san ni ne mai alƙalami. Wasan kwaikwayon da yara ke yi ranar hutu, ni nake rubutawa. Abokina kuwa ban taɓa ganin ya rubuta abin da ya wuce darasi ba.

Hedimasta ya kai mu masaukin baturen a Hanwa, shi ne kuma tafinta. Baturen ya dube ni ya ce, "Ka iya rubutu?"

Na sunkuyar da kai na ce, "To, ina ɗan taɓawa."

Haka aka rene mu. Mutum ba ya yabon kansa, sai ya ƙanƙan da kai, na kusa da shi ya ce, "Haba, ai Malam gwani ne." Na jira, ba wanda ya tanka. Hedimasta ya juya maganar yadda ta fito, wai ina yin kaɗan-kaɗan. Baturen ya gyaɗa kai ya juya ga abokina.

Shi kuwa, ko kunya babu, ya ce, "Sosai ma."

Shi aka ɗauka. Wata uku ina ganinsa yana sauka daga keke rungume da takardu, yana gaishe ni da fara'a. Hassada na yi, ba zan ɓoye ba. Har hanya na canza don kada in bi ta ƙofar gidansu.

Da fim ya fito, na rufe ɗakina na kalla a waya, ina fatan Hausar ta zama abin dariya. Na tanadi biro don in lissafa kurakurai. Can tsakiya wata tsohuwa ta yi wa ɗanta sallama a tasha, da kalmomi irin na iyayenmu sak, sai na ji hawaye na bin kumatuna. Na mayar da wurin baya sau uku ina neman abin gyara. Wallahi ko ni ba zan iya rubuta shi haka ba.