Karen Bature a Ajina

Shekarar da na fara koyarwa a makarantar da Nasara suka buɗe a Sakkwato, ƙananan yara aka ba ni. Kullum da safe nakan sa su share aji, su yayyafa ruwa, su ɗaga tabarmi su duba ko kunama ta kwana ƙarƙashi. Randar ruwan shanmu kuwa, ba mai taɓa ta sai ya wanke hannu.

Wata Talata Baturen makaranta ya zo duba mu. Ya tattaka tabarmin da muke salla a kai da takalmansa, karensa na biye da shi. Ya shafa bango da yatsa, ya ce ta bakin tafinta, "Ku mutanen nan ba ku san tsabta ba." Bai rufe baki ba, karen ya ture faifan randar, ya zura kai yana lasar ruwa.

Yara suka ɗauki ihu, "Malam, wanga kare ya sa baki ga ruwanmu!"

Na tsawata musu, zuciyata tana tafasa. Baturen ya duba, ya yi dariya, ya shafa kan dabbarsa.

Da ya fita, muka zubar da ruwan, muka wanke randar sau bakwai, muka shanya tabarmi a rana. Washegari aka kira ni ofis, aka yi mini faɗa wai na ɓata lokacin karatu. Har mutumin nan ya bar garin, ban yafe masa ba.