Maude, Ba Ka Saci Komai a Motata Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 11 ga Agusta 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Maude Bakanike na bakin tashar Batsari, bayan jinyar kwana tara. Labarin ya same ni a Safana ina tsaka da awon gero. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, Maude, ban zauna wuri ɗaya na ji daɗin zaman ba. Wasu suna kukan rashinka. Ni kuwa ga rashin, ga hakkinka da ke wuyana. Ni ne Mannir mai a-kori-kura, wanda ya kira ka ɓarawo a gaban jama'a. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Tare muka yi karatun allo a zauren mahaifinka. Kowa ya ɗauka za ka gaje shi, sai ka ɗauki sifana, shi kuma ya sa maka albarka. Amma halin gidan bai bar ka ba. Ba ka taɓa taɓa mota ba sai ka yi bisimilla, kuma ba ka kwance ko kusa ɗaya sai ka saurari injin tukuna. Ka kan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ka kara ƙotar a kunne, ka lumshe ido, mu kuma mu yi ta tsokanarka da likitan tsofaffi. Shekarar da mutanen ƙauyukan Ruma suka yi ta gudowa, duk motar da ta mace a bakin gari da mata da yara a ciki, kai ne za a gani ka hau babur da jakar kayan aikinka, ba tare da kowa ya kira ka ba.

Bara na sayi a-kori-kura ta hannu, 'yar ƙasar waje, don ɗaukar rogo da hatsi tsakanin Runka, Safana da Batsari. Damina na shigowa ta fara wani hali. Tana cikin tafiya lafiya, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta riƙa numfarfashi kamar an shaƙe ta. Duk wanda ya san hanyar Runka a wannan zamani ya san ba wurin da mota za ta yi wa mutum gardama ba ne. Na kai ta Katsina sau uku. An canza fulogi, an canza famfon mai, an wanke tanki. Tana dawowa ta ci gaba da halinta.

Da na kawo maka ita ba ka ko buɗe gaban motar ba. Ka zagaya baya, ka kara tafin hannu a bakin salansa, ka ce in taka. Na taka. Ka girgiza kai.

“Mannir, injinka lafiyarsa ƙalau. Hanyar fitar hayaƙi ce aka rufe masa.”

Ka shimfiɗa kwali ka shige ƙarƙashi. Can ka kira ni ka nuna min wani ɗan baƙin akwati manne da bututun salansa, da wayar lantarki a jikinsa. Ka ce a cikin bututun akwai bawul, ɗan murfi ne mai buɗewa da rufewa kamar ƙyauren ɗaki, wannan akwatin ne ke juya shi don rage ƙarar mota. Taɓon hanyarmu ya shige shi, tsatsa ta ci shi, sai ya riƙa maƙalewa a rufe. Ka ce sabo ba ya samuwa a nan, ko an samu ma damina ɗaya zai yi. Ka ci gaba da bayani, amma a daidai lokacin wayata ta yi ƙara, wani dillalin rogo ne. Na yi ta ce maka “to, to,” kunnena yana wani wuri. Daga nan na wuce kasuwa na bar ka da motar.

Yanzu na san abin da ka yi. Ka zare wayar ka naɗe bakinta don kada ruwa ya shiga, ka cire akwatin, ka sa filaya ka juya murfin ya buɗe gaba ɗaya, ka ɗaure shi yadda ba zai ƙara motsi ba. Na kuma gane abin da kake faɗa min ina kan waya: ƙarar motar za ta ƙaru, kuma fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne a gaban direba, kada in damu.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na shigo tasha motar tana ruri. Wani direba, ba zan faɗi sunansa ba don laifin nawa ne, ya leƙa ya ga fitilar, ya yi dariya ya ce an kwashe min indomi. Wato abin nan mai kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, wanda miyagun kanikawa ke sacewa su sayar. Ya ce alamarsa ke nan, ƙara da fitila. Ban duba ba. Ban tambaya ba. Na tako har rumfarka, tasha cike maƙil, na ɗaga murya na faɗi abin da na faɗa. Har sunan mahaifinka na ambata.

Ka fito daga ƙarƙashin wata bas, ka goge hannu, ka dube ni.

“Sunkuya ka duba, Mannir. Ga kwali nan.”

Ban sunkuya ba. Ina sanye da farar shadda, kuma mutane suna kallo. Na juya na tafi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne motar ba ta ƙara shaƙewa ba ko sau ɗaya. Akwai wata safiya da muka baro Runka da mutum shida a baya, muka ji harbi ta gefen daji, na taka ta iya ƙarfina, ta amsa, ba ta yi tari ba har Safana. Na yi wa Allah godiya. Kai kuwa ko a zuciya ban gode maka ba, don har lokacin ina riƙe da kai.

Bayan ƙaramar salla ƙarfen da ke riƙe salansar ya karye, na kai wa wani mai walda a Katsina. Yana ƙarƙashi na ce masa ya ga irin ɓarnar da aka yi min. Ya ce wace ɓarna? Indomina na nan yadda ya zo, ba wanda ya taɓa yanka bututun. Ya ƙara da cewa wanda ya gano bawul ɗin nan ba ƙaramin gwani ba ne, in riƙe shi da kyau.

Daga Katsina zuwa Batsari ba wata tafiya ba ce. Wata huɗu na yi ban iso rumfarka ba. Na ce sai ranar da babu mutane. Na ce sai bayan babbar salla. Sau biyu ina rage gudu a gabanka, in hango ka zaune a benci babu mota ko ɗaya a rumfar da a da ake layi, kunya ta kama ni in wuce. Na san ni na kore su. Na ji ba ka da lafiya, na ce ranar kasuwa zan shiga duba ka. Ba ka kai ranar ba.

Ranar sadakar uku na samu yayanka, Malam Abdulmumini, na faɗa masa komai, na roƙe shi ya yafe min.

“Mannir, abin da ke nawa na yafe. Nasa kuwa ba ni da iko da shi. A tasha ka faɗa, ba a zauren nan ba.”

Na nemi a tambayar min Tasalla, mai ɗakinka, ko ka taɓa ambatona. Saƙon da ya fito daga cikin gida shi ne ba ka taɓa kiran sunana da sharri ba. Amma tun daga ranar da na kira ka ɓarawo, ba ka ƙara yarda ka shiga ƙarƙashin motar kowa ba sai mai ita yana tsaye a kanka. Shekara talatin ana bar maka makulli a tafi. Ni na raba ka da wannan.

Jiya, ranar kasuwa, na tsayar da motar a tsakiyar tashar Batsari, na hau bayanta, na faɗa da ƙarfi cewa ƙarya na yi wa Maude, bai saci komai ba, gyara ya yi min, gyaran da ya fitar da ni daga bakin mutuwa. Mutane suka saurara, wasu suka ce Allah Ya yafe mana. Amma ba su kai rabin waɗanda suka ji ni a wancan karon ba. Wasu sun yi hijira, wasu sun rasu da maganata a kunnensu. Don haka duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya kai shi inda ƙaryata ta riga ta isa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tasalla da 'ya'yanku, ga Malam Abdulmumini da dukkan zuri'ar gidan, da kanikawa da direbobin Batsari da Safana. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙan Maude, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya saka masa da alheri kan kowace mota da ya tayar a bakin hanya. Ya Allah, ranar da za Ka tsayar da ni da shi, Ka cika shi da ni'imarKa har ya ga hakkin da yake bi na bai kai ya tsaya karɓa ba. Ni dai ba ni da abin da zan faɗa a wurin.