Amanar Duna a gidan mai karnuka

Shekarun baya, ina aji biyar a lakwal ɗin garinmu Attantane, muna da wani baƙin kare mai farin tabo a ƙirji, sunansa Duna. Na ce muna da shi, amma gaskiya na mahaifina ne. Aikinsa gadin tumaki. Ban taɓa shafa shi ba, don mahaifiyata ta hana. Kwanonsa daban, wurin kwanansa can bayan rumbu, in ya laso wani abu kuwa ranar sai an sha wanki da faɗa. Ni dai kallonsa nake daga nesa. Na san sai ya kewaya sau uku kafin ya kwanta, na san kunnensa na hagu ba ya miƙewa.

A garinmu in an gama kaka maza da yawa cin rani suke tafiya. Mahaifina Agadas yake zuwa. Tumaki sai a ba wani Bafulatani ya tafi da su kiwo har damina. Kare kuwa ba a barin sa a gidan da babu namiji babba, sai a kai shi gidan mai karnuka. Wani tsohon mafarauci ne da ke zaune a ƙarshen gari, duk mai tafiya shi yake bar ma karensa, a riƙa aika masa dusa da ƙanzo. Ranar da za a kai Duna ina laɓe a bakin ƙofa na ji mahaifina ya ce ma tsohon mafaraucin, "Ga amana nan." Shi kuma ya ce, "Kare dai? In ka dawo ba za ka gane shi ba." Aka yi dariya.

Ni mutum ce mai kunya, har yau. A lokacin kuwa abin ya fi haka. Akwai wata majalisar dattawa a kan hanyar lakwal, in za ka wuce dole ka durƙusa ka gaida kowa, wani ma ya tsare ka da tambayar ɗiyar wa ce. Saboda wannan gaisuwar kaɗai, da bazara ta shigo sai na koma bin hanyar bayan gari, wadda ta ninka tawa nisa. Na gwammace rairayi ya gasa min ƙafa da in ce ina kwana da ƙarfi. Hanyar ta bayan dangar mai karnuka take bi.

Wata rana an tashe mu daga lakwal da tsakar rana, ina wucewa na ji wani abu kamar tarin tsoho. Na tsaya. Akwai wurin da kara biyu suka zame a dangar, na sa ido.

Karnuka shida ne, kowanne a ɗaure a turkensa ƙarƙashin wata aduwa da inuwarta ba ta kai tabarma ɗaya ba. Kowane kare ya tone da'ira a rairayi iya tsawon igiyarsa. Duna ne ya fi kusa da danga, shi kuma ba igiya ba ce a wuyansa, waya ce. Haƙarƙarinsa a fili. Bai yi haushi ba, wutsiya kawai ya buga a ƙasa sau biyu. A tsakiyarsu akwai babban kasko na ruwa. Na daɗe ina kallon kaskon nan. Gizo-gizo ya yi saƙa daga baki zuwa baki, har da busasshen ganye maƙale a jiki.

Ina da ɗan bidon na ruwan sha da nake zuwa lakwal da shi. Na samo gwangwanin tumatir a bola, na zuba ruwa, na tura ta kafar dangar. Duna ya shanye kafin in janye hannu. Na ƙara, ya shanye. Can nesa akwai wata farar karya mai jan kunne, ta ja igiyarta har ta tsaya da ƙafafun baya, amma tsakaninta da gwangwanin ya fi taku goma. Ruwan ya ƙare. Na gudu gida.

Haka na yi ta yi kullum. Ba na shan ruwana a lakwal, har madam ɗinmu ta tambaye ni ko azumi nake. In na dawo gida sai in kafa kai a randa. Mahaifiyata ta ce, "Ke wai bidon ɗin nan naki yoyo yake?" Na ce a'a. Ta ce, "To mi?" Na ce babu.

Sau da yawa na shirya maganar a raina tun daga hanya. In na zo gabanta sai ta maƙale. Ta ina zan fara? In na faɗa, na tona cewa ina bin bayan gari, ina kuma miƙa hannu wurin kare. Sannan yarinya kamata ta buɗe baki ta ce dattijo ya ci amana? Sau ɗaya ma na gan shi da idona. Karnukan sun ɗauki kuka, ya fito da sanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ku yi min shiru, gyara ku nike!" Na durƙushe bayan danga har ya koma ɗaki. Ranar ma ban faɗa ba.

Kwana tara na yi a haka. A na goma na leƙa, turken farar karyar babu kowa. Igiyar tana ƙasa, zargenta bai ko kwance ba. A rairayi akwai sawun abin da aka ja, ya bi ta ƙofar baya ya nufi daji.

Ban wuce gida ba, ɗakin kakata na nufa. Ita Bebiya take kira na, don ta ce tunda aka haife ni ba ta ji na gama jimla ba. Na same ta tana ɓarar wake.

"A'a, Bebiya, yau kuma wa ya mutu?"

Na ce, "Karya."

"Wace karya? Mutum ko dabba?"

Sai kuka ya ƙwace min. A cikin kukan na faɗa mata komai, a hargitse, na baya a gaba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta kaɗe zanenta, ta ce, "Miƙo min sandata. Ashe bakin yana aiki."

Kakata ba ta yi sallama a gidan mai karnuka ba. Ta tura ƙyauren kara ta shiga, ni ina riƙe da gefen zanenta. Ta dubi karnukan, ta dubi kaskon, ta dube shi.

"Kai, wannan ne riƙon?"

Ya ce, "Iya, aikin maza ne wanga, ba ki san kanshi ba."

"Na san ƙishi. Na girme ka da sanin shi. Ɗebo ruwa yanzu ina tsaye, sauran magana a zauren mai gari."

Bayan la'asar zauren ya cika, har da waɗanda suka zo don su ji wai an kai ƙara saboda kare. Kawuna ya kira mahaifina a waya ya buɗe murya don kowa ya ji. Ban taɓa jin mahaifina cikin irin wannan fushin ba. Cewa yake, "A ɗaure shi a turken nan da wayar nan, daga hantsi zuwa la'asar, kar a ba shi ko ɗigo! Ya ji abin da ake ji!" Ƙanen mai farar karyar ya ce shi a bar shi da shi minti biyar kawai. Wani ya ce a kai maganar wurin jandarma a Mayahi, sai wani ya ce, "Ka hau kabu-kabu har Mayahi ka ce musu kare ya ji ƙishi?" Aka kwashe da dariya, amma ba kowa ya yi ba.

Mai karnuka ya ce shi kullum da magariba yana cika musu kasko, karyar kuwa ciwo ne ya kashe ta. Mai gari ya ce wa ya gani? Kakata ta turo ni gaba. Mai gari ya ce, "Ɗiyata, faɗi abin da kika gani." Na buɗe baki, iska ce ta fito. Sai na juya na raɗa ma kakata a kunne, ita kuma ta ɗaga murya.

"Ta ce gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kaskon. Ta ce kwana tara tana duba ta, saƙar ba ta tsinke ba, ganyen da ke maƙale ma bai gusa ba."

Mai karnuka ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka. Ya ce dusa yake dama musu da ruwa-ruwa sau ɗaya a yini, shi ke nan. Haka mahaifinsa yake yi ma karnuka in farauta ta matso, a ɗaure su, a rage musu ruwa, don su yi zafin nama. Ya ce so yake masu su su dawo su tarar da karnukan gaske, a ce har yanzu hannunsa bai mutu ba. Wayar kuma don Duna yana cinye igiya ne. Wani dattijo da suka yi farauta tare ya ce masa, "Mahaifinka da sanyi yake yin haka, kwana uku. Kai kuwa bazara ce, ka fi wata." Ni dai na lura babban yatsan ƙafar mai karnuka yana ta tonon ƙasa, kamar yadda nawa yake yi in madam ta tsayar da ni gaban allo.

Mai gari ya ce shi ba zai ɗaure ɗan Adam a turke ba, ba zai kuma bari a doke shi ba, don in an yi haka an ƙara mugunta ɗaya ne a gari, karen da ya mutu bai tashi ba. Liman ya ce duk dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta suna wuyanka, kuma za a tambaye ka. Daga nan aka yanke. Yau kowa ya kwashe karensa, ba a ƙara ba shi riƙo. Sannan akwai wani tsohon kwami na siminti a bakin rijiya da ya daɗe a bushe. Kullum da safe shi zai ja guga ya cika shi don duk dabbar da ta zo, jaki ne, akuya ce, ko karen da ba shi da kowa, har ranar da aka yi ruwan shuka. Mahaifina ya ce a waya, "Wannan ne hukuncin? Ban ruwa?" Kakata ta ce, "Kai da ke Agadas, yi mana shiru."

Wayar wuyan Duna ta shige fata, dole a yanke ta da filaya. Duk wanda ya matso sai ya yi gurnani, har kawuna. Ni kaɗai ya bari. Mahaifiyata tana tsaye, na dube ta, ta kau da kai. Na riƙe kansa a cinyata. Ashe gashin bayan kunnen kare laushi gare shi haka. Mai karnuka ne ya yanke wayar da kansa. Aka wanke ciwon da ruwan gishiri. Daren farko a bayan rumbu Duna ya kwana, kuma mahaifiyata ce da kanta ta kai masa ruwa, tana mita.

A shekarar ruwa ya yi jinkiri. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Mutane suka fara tsokana, wai karnuka ne suke roƙo kar a yi ruwa. Rijiyarmu kuwa zurfi gare ta. Kullum in zan tafi lakwal ina ganin mai karnuka yana jan guga, jakunan gari sun kewaye shi, yana zuba wa suna shanyewa. Tafin hannunsa ya tsage, ya naɗe da tsumma. Matan da ke ɗiba ba sa yi masa magana. Sai na fara jin wani iri. Na ce ma kakata, "Iya, bai isa haka ba?" Ta ce, "Ni na riƙe ruwan saman? Je ki tambayi mai shi."

Wata safiya mai karnuka ya kira ni. "Ke ƴar lakwal." Na tsaya. Na ɗauka zagi ne. Ya ce, "Wuyan nashi ya kame?" Na gyaɗa kai. "Yana ci?" Na gyaɗa. Ya ce, "A sa mishi man shanu, gashin ya fi saurin fitowa." Ya koma kan gugansa. An sa man, amma gashin bai fito ba. Duna ya yi shekara huɗu bayan nan da zobe fari a wuya, har tsufa ya ɗauke shi.

Yanzu ina kolej a Mayahi, kuma har yau in aka yi gardamar abin da ya dace da mai zaluntar dabba, ba na iya tsayawa gefe ɗaya. Wata rana in tuna farar karyar tsaye da ƙafafun baya, in ce mahaifina ya fi gaskiya. Wata rana in tuna tsumman hannun mutumin, in ce ya biya. Abin da na tabbata shi ne, da an ɗaure shi yini ɗaya da an huce an manta, amma a bazarar nan babu dabbar da ta kwana da ƙishi a garinmu.

Akwai kuma abin da ba a yi shari'arsa a zauren ba. Kowa ya yaba min, har madam ta sa aka yi min tafi a aji. Ba wanda ya tambaye ni ranar da na fara gani. Ni na sani. Da na yi magana a rana ta biyu, ko ta biyar, ko ma ta takwas, da mai farar karyar ya dawo daga cin rani ya tarar da ita. Shi mai karnuka an yanke masa nasa, ruwa ya sauka, ya ajiye guga. Ni ba a yanke min komai ba, shi ya sa ban san ranar da nawa zai ƙare ba.