Malam Haladu Bai Ƙona Motar Alhaji Tanko Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da hantsi ina durƙushe a gaban wata mota, ina neman inda wutar fitilarta ta yanke, aka kira ni daga Kabo. Nasiru ne, babban ɗan Malam Haladu. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Baba Sabi'u, Allah ya yi wa Baba rasuwa yanzun nan. Jana'iza bayan Azahar." Na ce masa ga ni nan tafe. Na ajiye kayan aiki, na zauna a kan wata tsohuwar taya, na jira hawaye su zo, suka ƙi. Fushi ne ya taso mini a ƙirji, kuma har yau da nake wannan rubutu bai kwanta ba.

Sunana Sabi'u, gyaran wayoyin mota nake yi a garejinmu na Gwarzo. Shekara goma sha tara rumfata tana jingine da ta Malam Haladu makanike. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma kwano ɗaya muke ci, buta ɗaya muke alwala da ita. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Sabon Birni, rufe rumfarsa ya yi kwana uku ya zo ya zauna tare da ni, yana karɓar gaisuwa kamar uwarsa ce. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san girman mutumin da na ci amanarsa.

Duk garejin nan shi kaɗai ke da sifana mai awo. A cikin wani jan akwatin ƙarfe yake ajiye ta, naɗe da ƙyalle. Idan zai ɗaure kusa a hanyar da fetur ke bi, sai ya buɗe wani tsohon littafi da mai ya baƙanta gefensa, ya duba lambar da aka ƙayyade wa wannan kusar, ya saita sifanar, sannan ya ja a hankali har ta yi ƙas. Tana yin ƙas ya cire hannu, ko wane ne ke tsaye a kansa. Saboda haka direbobi suka sa masa suna Malam Ƙas. Da ba'a suka sa, shi kuwa yana amsawa ba tare da ya ɓata rai ba.

Na sha jin yana yi wa masu mota bayani. Yakan ɗaga kusar filtar mai ya ce, "Duba nan, Alhaji. Wannan ba kusar taya ba ce. Rami ne a cikinta, ta nan fetur yake wucewa, jikinta siriri ne. In ka bar ta sako-sako, mai ya zuba. In ka matse ta fiye da ƙima, ka murƙushe washa, wato zoben da ke tare mai, ka ja wa wuyan kusar rauni. Kuma ba a gabanka za ta nuna ba, sai mota ta yi zafi a kan titi cike da 'ya'yan mutane." Bai taɓa mayar da tsohuwar washar jan ƙarfe ba, ko da ta yi kyau a ido. In ya gama aiki sai ya sa a tayar da mota, ya zagaya mahaɗar da farar takarda, ya duba, ya sansana. Direba na huci yana cewa fasinja na jira a tasha, shi kuwa sai ya ce, "Gara su jira ka a tasha da a jira su a asibiti." Wani abin da yake yawan faɗa shi ne, "Noti ba abokin faɗanka ba ne, daina gwada masa ƙarfi."

Shekara uku da suka wuce, Alhaji Tanko, mai motocin haya da ke bin hanyar Gwarzo zuwa Kano, ya kawo wata bas a canza mata filtar mai. Da kansa ya zo. Malam Haladu ya sa sabuwar filta da sababbin washa, ya ɗaure da awo, ya gwada da takarda, ba ɗigo ko ɗaya. Aka kira Azahar ya tafi masallaci. Ni ban tafi ba a lokacin, ina ƙarasa haɗa wani batir. Ina ji Alhaji Tanko ya kira Garba, makaniken da ke rumfar gaba da mu, ya ce, "Garba, zo ka duba mini. Mutumin nan da yatsa biyu ya ja abin nan. Ni hankalina bai kwanta ba." Garba ya yi dariya ya ce, "Ai aikin Malam Ƙas ke nan, Alhaji, shafa yake yi ba ɗauri ba." Ya ɗauko sifana, ya zura mata guntun fayif don ƙarin tsawo, ya tokare ƙafa a jikin mota ya ja har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Alhaji Tanko ya ce, "Yawwa, yanzu na ga ɗauri."

Da idona na gani. Tsakanina da su bai fi taku biyar ba.

Bayan kwana biyu bas ɗin ta kama da wuta, gaba kaɗan da Kabo, cike da mutane. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma wata baiwar Allah daga Getso, Malama Rabi, da ta tsaya ciro jaririyarta daga kujerar baya, ta ƙone tun daga kafaɗa har yatsu. Hannun nan bai sake miƙewa ba. Kafin la'asar magana ta cika tasha: Malam Ƙas ya bar kusar mai sako-sako. Wanda ya fara faɗa Alhaji Tanko ne. Wanda ya fi kowa maimaitawa Garba ne.

Ƙungiyar gareji ta kira zama a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa. Kafin ranar, Malam Haladu ya hau babur ya je inda gawar motar take, ya tono ragowar kusar daga cikin toka. Ya ajiye ta a kan benci gaban ciyaman ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba. Kusar da ta kwance da kanta, zaren da ke jikinta lafiya yake zama. Wannan daga wuya ta tsage, ga washar nan ta baje kamar an taka ta. Wani ya ƙara mata hannu bayan na tafi salla." Ciyaman bai ko ɗauka ya duba ba. Ya ce, "Malam Haladu, kowa ya san ɗaurinka ba ƙarfi. Kana da shaida?" Malam Haladu ya juyo ya dube ni. Bai kira sunana ba, dubana kawai ya yi. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Garba yayan matata ne. Uwarsu a gidana take zaune. Wannan shi ne dalilina, kuma na rubuta shi ne don a ga ƙanƙantarsa, ba don a yi mini uzuri ba.

Aka yanke cewa ya bar garejin. Mutanen da suka shekara ashirin suna aron kayan aikinsa, su ne suka tsaya suna kallo yana loda akwatunansa a bayan a-kori-kura. Babu wanda ya kama masa. Ya koma gidansu a Kabo yana gyaran injin ban ruwa da injin niƙa, don babu mai kai masa mota kuma. Mijin Malama Rabi ya zo har ƙofar gidansa ya yi masa Allah ya isa a gaban 'ya'yansa. An gaya mini sai da mutumin ya gama, sannan Malam ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Daga wannan shekarar hawan jini ya kama shi.

Bara da kaka, da abin ya ishe ni, na je na same shi. Yana zaune a zaure ya warware wani injin ban ruwa a kan buhu. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da surukata. Na ce, "Malam, na zo ne in faɗa maka wani abu. Ran nan ina wurin. Garba ne ya ƙara ɗaurin, Alhaji Tanko ne ya sa shi." Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, Sabi'u. Batirin da kake haɗawa ai a bakin rumfa yake." Na ce ya yafe mini. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Abin da ya shafe ni na yafe tuntuni. Amma har yanzu da fayif ake ɗaure kusar mai a garejin nan, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ya ce, "To wannan ba hakkina ba ne, balle in yafe maka shi. Ka je ka faɗa." Na yi masa alkawari zan faɗa. Na hau babur na dawo Gwarzo, na ci tuwo a gidana, na yi shiru shekara guda cur.

Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansa, sai ga tawagar gareji, ciyaman a gaba, Alhaji Tanko da babbar riga, Garba a bayansu. Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji Tanko ya gyara murya ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Haladu. Mutum ne mai haƙuri. Abin da ya faru tsakaninmu kuskure ne irin na ɗan Adam, ni na yafe masa duniya da lahira."

Shi ne zai yafe! Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Na ce, "Alhaji, me ka yafe masa? Kai ka kira Yaya Garba bayan Malam ya tafi masallaci. Yaya Garba, kai ka zura fayif a sifana ka ja. Ina wurin, na gani, na yi shiru a gindin darbejiya. Malam Haladu bai ƙona motarka ba."

Garba ya ce, "Sabi'u, kana cikin hankalinka kuwa? A gidan makoki?" Ciyaman ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Malam Sabi'u, abin da ya wuce ya wuce, a rufa wa juna asiri." Na ce, "Ranka ya daɗe, shi wa ya rufa masa nasa?" Alhaji Tanko ya tattara rigarsa ya tashi, bai musa ba. Garba ya bi bayansa. Sai muka ji muryar Inna Hauwa, matar marigayi, daga bayan labulen zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Sabi'u, mun ji, mun gode. Da ma ka faɗa yana da kunnen ji."

Babu zagin da aka taɓa yi mini da ya kai wannan godiyar zafi.

Washegari ni da Nasiru muka je Getso, muka sami mijin Malama Rabi, na faɗa masa komai. Da na gama, ya tambayi inda kabarin yake. Matata ba ta yi mini magana ba tun ranar, surukata kuma ta koma gidan Garba. Ban ce ba su da dalili ba. Amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Fushina a kan Garba da Alhaji Tanko ne, amma bai tsaya a kansu ba. Yana kan ciyaman da ya ƙi miƙa hannu ya ɗauki kusa ya duba. Yana kan kowane direba da ke auna gwanintar makanike da yawan nishin da ya yi a kan sifana. Yana kan garejinmu, inda mutum ɗaya ya san daidai, muka mayar da shi abin dariya, sannan muka kore shi da laifin da ya kwashe rayuwarsa yana gargaɗi a kai. Jiya da safe na ga an zura fayif a sifana za a ɗaure bututun mai na wata motar ɗaukar 'yan makaranta. Na je na riƙe hannun mai ɗaurin, muka yi cacar baki har mutane suka taru. Haka zan riƙa yi, ko ni ma za a loda mini kaya a a-kori-kura.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Haladu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa zaluncin da ya haɗiye ya zama nauyi a mizaninsa na alheri. Ka saka masa da Aljannar Firdausi a kan kowane rai da ya isa gida lafiya ta dalilin aikin hannunsa ba tare da ya sani ba. Ka ba Inna Hauwa haƙuri da juriya, ka raya Nasiru da ƙannensa, ka sa su ɗaga kai a duk inda aka ambaci sunan mahaifinsu. Ka ba Malama Rabi sauƙi, ka albarkaci 'yarta. Waɗanda suka yi masa ƙazafi, ka ba su ikon tuba tun suna numfashi.

Ni kuwa, duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a. Na ba da shaidar gaskiya, amma sai da na taya zuba wa mai ita ƙasa.